Mai Lambu da Injinan Ruwa Biyu

Akwai wani mutum mai lambun albasa a bakin fadama. Yana da 'yar rijiya da farantin sola guda ɗaya, amma jan guga ya cinye masa baya. Mutum ne mara zama wuri ɗaya, ko a coci ƙafarsa ba ta daina rawa.

Ya tafi kasuwa wurin wani mai haɗa ƙananan injinan jan ruwa masu maganaɗisu da ke aiki da wutar sola, aka nuna masa biyu. Na fari an naɗa masa waya mai kauri, yana da ƙarfi, amma yana shan wuta da yawa. Na biyu wayarsa siririya ce, naɗinta da yawa, wuta kaɗan ta ishe shi. Mai haɗawar ya ce ya tafi da su duka ya gwada.

To, shi mai lambu sai rana ta take tsaka yake dawowa daga gona, don haka a lokacin yake gwajinsa. Ya ɗaura wannan, ya kwance, ya ɗaura wancan. Babban ya feso ruwa har kan zana, ƙaramin kuwa kamar bakin buta. Matarsa Rifkatu ta ce masa, “Maigida, ka gwada su da hantsi mana, da kuma la'asar.” Ya ce ba shi da wannan lokacin, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya mayar da ƙaramin.

Ashe babban ba ya motsi sai rana ta yi zafi sosai. Da safe shiru, da yamma shiru. In ya tashi kuma sai ya zuƙe rijiyar kafin idon ruwa ya kawo wani, ya yi ta juyawa a bushe. Ya yi zafi har maganaɗisunsa ya rasa ƙarfi. Albasa ta fara kwanciya. Hankalin mutumin ya tashi ƙwarai, ya ruga kasuwa neman ƙaramin, aka ce masa maƙwabcinsa na lambu ya ɗauka. Da ya dawo ya leƙa ta zana, sai ya ga ruwa siriri yana bin kwalbatin maƙwabcin, ga shi rana ta kusa faɗuwa. Ya koma ya ɗauki gugansa, amma rabin lambun ya riga ya bushe.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Hasken ranar nan alherin Allah ne, rijiyar kuwa zuciyarka. Da yawanmu da tsakar rana muke auna bangaskiyarmu, wato a babban taro, inda waƙa ke tashi kowa na cike da kuzari. Ina faɗa muku da damuwa, wannan awo yana ruɗi. Ka auna ta ran Litinin da safe, sa'ad da ba mai ganinka, da yammacin da ka gaji, yaro kuma ba lafiya. In 'yar addu'arka tana gudana a lokacin, kada ka raina ta, ita ce take shayar da gidanka.