Robar Barira da Takwara Ɗaya

Ku ajiye taɓaren nan haka, geron ba gudu zai yi ba. Ke mai tankaɗe, matso kusa, ba na son maimaita magana. Gobe da hantsi za a raɗa sunan jaririyar da kuke jin kukanta a ɗakin can. Ga rago a ɗaure, an raba goro, amma har yanzu ba a san sunan da za a faɗa wa liman ba. Uban ya ce ya kasa zaɓa, uwar ta ce ita ma ta kasa, shi ya sa aka turo ni wajenku. Yawancinku baƙi ne da kuka zo taya aiki, don haka bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Mai jegon nan, Barira, matar Ilu direban tirela ce. Kafin wannan, 'ya'yanta biyar, duk maza. Tun da ta yaye na biyar al'adarta ta rikice. Kwana goma sha biyu tana zuba, ta ninka zane biyu ya jiƙe kafin azahar. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta ɗauki bokiti sai ta zauna ta huta sau biyu kafin ta kai ɗaki. Rannan ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu tana suyar awara, saura kaɗan man ya sheƙo mata a fuska.

Aminiyarta Kubura, wadda katanga ɗaya ta raba su, ita ta ja ta asibiti. A can aka nuna musu wata 'yar roba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ana sa ta a cikin mahaifa, tana sakin magani kaɗan-kaɗan, ta hana ɗaukar ciki, ta kuma rage zubar jini. Ilu ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kada uwarsa ta ji. Uwar tasa kuwa, Goggo Rakiya, ko ƙwayar ciwon kai sai ta juya ta sau uku kafin ta haɗiye. Barira ta sa Kubura ta rantse da Allah ba za ta faɗa wa kowa ba. Katin asibitin ma a ɗakin Kubura aka ɓoye shi, a ƙasan kwanon jere, don babu lungun da Goggo ba ta leƙawa a ɗakin surukarta.

Watannin farko ba su yi daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Jini ya riƙa ɗigowa ba tsari, yau akwai gobe babu, har ta rasa ranar da za ta yi salla da ranar da za ta bari. Ƙuraje suka feso mata kamar budurwa, nono ya yi tsami, mara ta riƙa murɗawa, ga ciwon kai, ga saurin fushi. Sau biyu tana ɗaura gyale za ta je a cire, Kubura tana tare ta a bakin ƙofa. A wata na biyar abin ya lafa, sannan jinin ya ɗauke ƙaf. Barira ta yi ƙiba, idonta ya dawo da jini, ta ƙara tukunyar awara ta biyu. A shekarar ta yi azumi talatin cif ba ramuwa ko ɗaya, abin da rabonta da shi tun tana yarinya. Ranar Salla ta rungume Kubura tana kuka don murna.

To, ga inda Goggo ta shigo. Tsohuwar nan tana riƙe da fashin sallar kowace mace a gidan a ka. Daga kan tabarmarta take kallon wadda ta ɗauki buta da wadda ba ta ɗauka ba. Ta ƙirga wata shida Barira ba ta yi fashi ba, ta ƙirga shekara, ga ƙiba amma ciki bai fito ba. Sai ta yanke hukunci ita kaɗai: ciki ne ya kwanta. Ta shiga neman rubutu da jiƙe-jiƙe don a tashe shi. Barira takan karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, ta zagaya ta zubar a makwarara. Shekara biyu da rabi ana wannan wasan.

Wata Talata da damina, Ilu yana kan hanyar Fatakwal, wayarsa ba ta shiga. Da hantsi Barira ta dafe gefen mararta na dama ta durƙushe a tsakar gida. Ta yi amai, zufa ta karyo mata, ta ce kafaɗarta kamar ana soka mata allura. Muka sa ta a Keke Napep sai ƙaramin asibitin unguwa, ni da Goggo da Kubura. Lokacin kuwa ana fama da amai da gudawa a gari, mutane kwance har a baranda. Malamar asibitin ita kaɗai ce, tun safe ba ta zauna ba. Ta ga amai, ta ga jiki ya saki, ta rataya mata ƙarin ruwa a layin masu amai da gudawa, ta wuce wajen na gaba.

Mata uku ne suka ceci ranta a ranar, ta farko ita ce Goggo Rakiya. Ta sha gaban malamar, ta ce, “'Yar nan, ba gudawa ke damun surukata ba. Ciki ne! Shekara biyu da rabi yana kwance, yanzu ya tashi.” Baranda ta kwashe da dariya, har marasa lafiya. Ni kaina na ja gyale na rufe fuska. Goggo ko a jikinta. Ta ce mako biyu ke nan Barira ba ta son warin daddawa, tana tofar da yawu, ga jijiyar wuyanta tana harbawa. Ta zauna daɓas a bakin ƙofar ɗakin magani, ta miƙe ƙafafu, ta rantse ba mai shiga ba mai fita sai an gwada. Don a rabu da ita aka gwada fitsarin. Malamar ta ɗago ɗan tsinken gwajin, ta kalle shi, ta sake kallo. Layi biyu. Dariya ta ɗauke ɗif. Barira ta buɗe ido da ƙyar, ta ce ba zai yiwu ba, ta sake lumshewa. Da Goggo ba ta zubar da girmanta a ƙofar nan ba, da ruwa za a yi ta ƙara mata har rai ya yi halinsa.

Amma ciki kaɗai bai tsorata malamar ba. Ta ce laulayi ne mai zafi, in ruwan ya ƙare a kai ta gida ta huta. A nan ta biyu ta shigo, wato Kubura. Ga rantsuwa a wuyanta, ga Goggo tsaye, ga aminiyarta leɓe ya yi fari. Ta cire takalmi ta zura da gudu ta cikin taɓo har gida, ta dawo da katin a damƙe, ta ce a gaban kowa, “Malama, akwai roba a mahaifarta. Ni na kai ta aka sa.” Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Malamar ta saki abin da ke hannunta, ta danna cikin Barira, Barira ta ƙwalla ƙara. Ta ce, “Innalillahi! Ku nemo mota yanzu-yanzu!” Ashe mai irin wannan roba da wuya ƙwarai ta ɗauki ciki, amma in tsautsayi ya sa ta ɗauka, sau da yawa ba a mahaifa yake zama ba. Da Kubura ta riƙe rantsuwarta, da mun kai Barira gida da hannunmu mun shimfiɗar, muna yi mata barka.

A motar Goggo ta zura wa Kubura ido kawai, tana jujjuya kai, kamar mai ƙirga kofunan rubutun da suka bi makwarara.

A babban asibiti aka ɗauki hoton cikin. Likita ta ce cikin mako bakwai ne, ya zauna a bututun da ƙwai ke bi, bututun ya fashe, jini yana zuba a ciki inda ido ba ya gani. Goggo ta ce ai jinin shekara biyu ne da roba ta tare. Likita ta ce a'a, Hajiya, roba ba ta tara jini, hana shi taruwa take yi, wannan na yau da safe ne. Aka kawo takardar yarda da aiki, Ilu ba ya nan, Goggo ta dangwala yatsa. Sai ga wata sabuwa: jinin Barira irin wanda ba a cika samu ba ne, kuma babu shi a ajiye. Aka gwada ƙannen Ilu uku, aka gwada Kubura, har ni tsohuwa na miƙa hannu aka ture. Babu wanda ya dace.

Ta uku ita ce Ramlatu, yayar Barira uwa ɗaya uba ɗaya. Kwananta hamsin da biyu a takaba, ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba tun rasuwar mijinta. Da aka kira ta a waya, wan marigayin ya tsaya a ƙofar gida ya ce ba inda za ta sai an tambayi malam, malam kuwa ya tafi gona. Ta koma ɗaki ta zauna tana kuka, tana jira. Da aka sake kira aka ce Barira ta daina amsa sunanta, sai ta miƙe da kayan takabarta, ba kwalli ba mai, ta raɓa ta gefen dattijon ta fice. Ta ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, mahauta suka tsaya da sara suna kallo, mata suna tafa hannu suna salati. Macen da ganin jinin kaza yake sa ta jiri, ita ta kwanta aka ɗebi jini leda guda a hannunta. Yana shiga jikin Barira, likita tana yi mata aiki. Da Ramlatu ta jira malam ya dawo daga gona, da gawa za ta tarar.

Barira ta tashi. An cire bututun da ya fashe, an cire robar. Daga baya malam ya ce lalura ta halatta fitar Ramlatu, amma dangin mijinta har yau suna yi mata gorin fitar. Kubura ta yi kaffarar rantsuwarta, kuma wata takwas Goggo ba ta amsa gaisuwarta ba. Ita kuwa Goggo, har yanzu in ta wuce ta gaban ƙaramin asibitin sai an nuna ta, ga mai cikin shekara biyu. Kuma ku je ku tambaye ta, tana nan a kan bakanta cewa rubutunta ne ya tashe shi.

Kada ku ɗauka waliyyai nake ba ku labari, kowacce da nata. Tsoron bakin Goggo ne ya sa aka ɓoye abin tun farko, kuma gaskiyar da ta faɗa a kan kuskure ta gina ta. Kubura kuwa, kwana huɗu kafin faɗuwar, Barira ta gaya mata gefenta yana suka, sai Kubura ta ce mata ai halin roba ne, ta sha ruwan ɗumi. Ramlatu ta zauna kusan awa guda tana jiran izini, jinin ƙanwarta yana tsiyaya.

Da bututu ɗayan da ya rage Allah ya ba Barira wannan yarinya, mace ta farko bayan maza biyar. Kuma ta ce ita ce auta. Shekaranjiya ta dubi Goggo ido da ido, ta ce in ta yi arba'in za ta koma a mayar mata da robarta, don ba za ta koma faɗuwa gaban murhu ba, kuma wannan karon Goggo ce za ta raka ta, ita za ta riƙe katin. Goggo ta saki carbi ta yi salati sau uku. Amma ba ta ce a'a ba.

Ilu ya rantse sunan 'yarsa ɗaya tilo na wadda ta ceci uwarta ne. Babu wata 'yar da za ta biyo baya a ce ai a jira. Kada kuma wata ta ce mini a haɗa mata suna uku, jaririya ce, ba motar haya ba. Ga su can duk suna jin mu. Goggo ta yi kamar tana gyangyaɗi, Kubura ta wanke tukunya ɗaya sau uku, Ramlatu tana rungume da yarinyar ta ƙi ba kowa.

Ɗaya ta zubar da girmanta aka gane akwai ciki. Ɗaya ta karya rantsuwarta aka gane inda yake. Ɗaya ta fito daga takaba, jininta ne yake yawo a jikin mai jego yanzu haka. Cire ɗaya a cikinsu, da ba ragon suna aka ɗaure a gidan nan ba, da marayu biyar muke rarrashi. To, ku gaya mini kafin geron nan ya daku: gobe wane suna liman zai faɗa, Rakiya, Kubura ko Ramlatu?