Lambar da Malam Barasa Bai Duba Ba

Malam Barasa, shugaban wata makarantar firamare a Bungoma, mutum ne da ba ya son a nuna masa abu. Shekara biyu ana zaftare masa harajin da ya wuce ƙa'ida daga albashi, sai hukumar haraji ta yarda za ta maido masa shilin dubu casa'in. Nan take ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin sabon kwano kafin damina, domin rufin ɗakinta ya zama rariya.

Ya je shagon kwamfuta na Maman Nekesa, wadda ke cike wa malaman garin takardun haraji. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Malam, ga lambar asusun da ke cikin bayananka. Duba mini, ita ce?"

Malamai uku na makarantarsa suna kan layi. Tabaraunsa na cikin aljihu, ba ya son su ga ya saka.

"Ni da nake koyar da lissafi tun kina goye? Tura kawai."

"Lambar ta tsufa fa, Malam."

"Ni ma na tsufa, ga shi ina aiki."

Aka yi dariya, ya sa hannu bai karanta ba.

Ashe asusun na haɗin gwiwa ne, wanda suka buɗe da ƙanensa Simiyu lokacin da suke noman rake tare, kafin su ɓata. Kuɗin na shiga, saƙon banki ya faɗa wayar Simiyu. Kwana uku tsakani Simiyu ya sayi babur yana haya da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, da labari ya kai wa Malam, bai fara tunkarar ƙanensa ba. Shagon matar ya nufa, ya kira ta ɓarauniya a gaban jama'a. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro takardar, ta ɗora yatsa a kan sa hannunsa.

"Sa tabarau, Malam. Yau ba kowa daga makarantarku."

Ya saka, ya karanta, ya fita ko haƙuri bai ba ta ba. Banki ya ce asusun na mutum biyu ne, kowa na da ikon cira. Simiyu kuwa cewa ya yi, "Haba Yaya, ai na ɗauka kyautar sulhu ce."

Ruwa ya sauka a watan Maris. Tsohuwa ta yi daminar da bokitai huɗu kewaye da gadonta.

Darasi: kafin ka yarda a tura maka kuɗi, karanta lambar asusun da idonka, ɗaya bayan ɗaya, ko gari duka na kallonka. Wanda ya ce ka duba ba raina ka ya yi ba. Girman kai kuwa ba mai shi kaɗai yake cuta ba, har da wanda ya dogara da shi.