Allurar Waziri Bagudu

A can zamanin da, tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda ƙarar talakawa ta ishe shi. Kullum fada a cike, wannan an ci masa iyakar gona, wancan ya sa ido kan abin ɗan'uwansa. Rannan ya ce duk mai maganin wannan fitina ya kawo.

A lokacin akwai wani baƙo da ya biyo fatake daga gabas mai nisa, kansa a aske ƙwal, yana yafe da mayafi ruwan ɗorawa. Sunansa Wimala, mabiyin wani malami ne da suke kira Buda. Da sarki ya tambaye shi, ya ce su an koya musu kwaɗayin zuciya shi ne tushen wahala. Bai rufe baki ba Waziri Bagudu ya cafe zancen. Kun san irinsu, su ji rabin magana su ruga da ita.

Waziri ya tara maƙera da wanzamai, suka ƙera wata allurar tagulla mai ƙugiya. A soka ta a bayan kunne, a tsinke wata 'yar jijiya, shi ke nan mutum ba ya ƙara son kome. Aka gwada a kan mutanen wata unguwa, ƙararsu ta ɗauke ɗif. Sarki ya sa aka yi shela, kowane jariri ran suna, wanzami na gama aski sai ya tsinke masa. Kuma da ɗan sarki za a fara, wanda sunansa ya rage jibi.

Wimala ya zo fada ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ɓarawon da aka yanke wa hannu ya daina sata, shin ya tuba?"

Waziri ya yi caraf. "Kai baƙo, ba daga bakinka muka ji ba? Hanya muka taƙaita maka, ko godiya babu."

"Mu abin da aka koya mana, mutum ya horar da zuciyarsa da kansa, kwaɗayi ya ragu, tausayi ya ƙaru. Ban san me allurarka ta bari ba. Roƙona, sarki ya ɓad da kama ya yi ciniki ɗaya a unguwar nan, kafin a taɓa yaron."

Washegari sarki ya sa tsummoki, Waziri na biye, suka shiga kasuwar unguwar. Wari ya fara tarbarsu. Nama ya ruɓe a kan faifai, mahaucin na zaune yana murmushi, ƙudaje sun yi masa baƙi a leɓe, ko korarsu ba ya yi. Suka tsaya gaban wata mai daddawa, Tasalla, da goyo a bayanta.

Sarki ya ɗaga ƙwaryar duka, ya yi tayin wulaƙanci, tayin da in ni ce sai an riƙe ni. Ta ce, "Na sallama."

Tir! Ko albarka ba ta ce ba. Mace ta dafa kalwa, ta wanke, ta rufe ta ruɓa, ta daka, sannan a taya mata sau ɗaya ta sallama?

Waziri ya raɗa wa sarki, "Ka gani, Zaki? Ba musu, ba rantsuwa."

Sarki ya dubi jaririn da ke bayanta, duk bai fi nasa girma ba. Ya ce, "Baiwar Allah, yaron nan fa, na saya a kan haka."

Ta kwance majanyi, ta juyo da shi ta miƙa. Yaron na tsala kuka yana laluben nono, ita tana murmushi. "Na sallama."

Sarki ya karɓe shi, ya kau da kai ya tofar da yawu. A nan tsakiyar kasuwa ya cire rawanin tsumman, ya ce, "Bagudu, a gidanka mutum nawa aka tsinke wa?"

Waziri ya zube. "Allah ya ja zamaninka, ai nawa... ina jira tukuna a ga yadda za ta kaya."

Sarki ya ce, "A kira Sarkin Aska, ya zo da allurar."

Ka ga Waziri, ƙato da gemu, yana birgima cikin ƙasa, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, yana kiran sunayen 'ya'yansa. Wimala, da ya biyo su daga nesa, ya matso ya ce kada a yi, ko shi ma bai kamata a yi masa ba.

Sarki ya janye shela, ya sa maƙera suka narkar da allurar. Aka yi sunan ɗansa, aski kawai aka yi masa. Jaririn Tasalla da sauran 'ya'yan unguwar aka nema musu masu shayarwa. Bagudu kuwa aka tuɓe shi, aka yanke masa hukunci ya koma unguwar da zama, tun da waɗanda ya tsinke wa ko abinci ba sa nema sai an ba su a baki. Har ya mutu yana bin gida gida da akushi, yana ɗura musu tuwo, yana share musu dalala, su kuma suna yi masa murmushi.