Kurege da Jigon Tsibiri

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wani tsibiri ne a tsakiyar kogi, dabbobi na noman albasa a kansa. Ruwa na ƙasa, lambu na tudu, ba ya hawa sai da jigo. Jigon kuwa ɗaya ne tal, da itacen ƙarshe na tsibirin aka kafa shi. A danna guga, a ɗago, a juye a hanyar ruwa, ruwa ya bi kwami-kwami.

Kurege ba ya son wahala, ga son albasa. Da rana tsaka, kowa na hutawa, ya haƙa rami daga hanyar ruwan zuwa kwaminsa. Albasarsa ta yi shar. Bai ishe shi ba. Ya ƙara haƙa, ya ƙara haƙa, har ramin ya ɓulle a gaɓar kogi.

Shi ke nan. A danna, a ɗago, a juye, ruwa ya koma inda ya fito. Albasa ta yi yaushi, ta kwanta, ta bushe, har da tasa. Kunkuru, dattijon da ke rabon ruwa, ya bi danshi, ya iske Kurege a bakin rami, wutsiya duk laka.

Ya ce, "Ɗan nan, ka kashe mu."

Aka ɗaure Kurege jikin dunƙulen lakar da ke gindin jigo. A danna, ya yi sama. A ɗago, ya bugi ƙasa.

Sai ga Dorina ta zo wucewa. Kurege na sama ya ce, "Oh, wannan hadari haka."

Ta ce, "Hadari da rani?"

"Yaya, baƙi ƙirin. Amma daga nan kaɗai ake hangensa."

"Sauko in gani."

Ta kwance shi, ta hau. Jigo ya ce ƙaras.

Kurege ya faɗa rami. Ba wanda ya bi shi, ba mai sauran ƙarfi. Kunkuru ya dubi guntayen itacen, sannan ya ce a jawo kwale-kwale. Suka kwashi 'ya'yansu suka bar tsibirin kakanninsu, ba mai waiwaye.

Kurege ya fito da gudu. "Baba, saura ni!"

Kunkuru ya ce, "Kai da kogi ai kun saba. Ya ƙetarar da kai."

Ya zauna shi kaɗai yana taunar busasshen lawashi, ruwa ta ko'ina, shi kuwa bai iya iyo ba.

Ƙurunƙus kan gafiya. Mai niyyar satar ruwa, ya fara koyon iyo.