Burodin Baba da Gwajin Jinin 'Yar Baba

Akwai wani mai gidan burodi da ma'aikatansa ke kira Na-Gane a bayan idonsa, saboda ba ya bari mutum ya kai ƙarshen zance.

Yana da 'ya guda mace, 'Yar Baba, mai ƙani ɗaya. Kullum ita ke fara gutsurar burodin farko da ya fito daga tanda. Sai dai yarinyar ba ta ƙiba. Ga kumburin ciki, ga gudawa, ga kasala.

Da suka je asibiti, likita ta ce, "Ina zargin siliyak, cutar da alkama ke lalata wa yaro hanji. Za mu gwada jininta, amma kafin ranar gwajin..."

"Na gane, likita," ya ce, yana laluben makullin babur.

Yana isa gida ya hana ta burodi da duk wani abin fulawa. Matarsa ta ce, "Baban yara, kamar likitar ba ta gama magana ba."

"Ke da kika gama ji, me kika gane?"

Bayan makonni aka ɗebi jini, sakamako ya fito lafiya lau. Ya dawo yana dariya, ya miƙa wa yarinyar burodi mai zafi. "Dama na sani, burodina ba ya cutar da kowa."

Bai sake komawa asibitin ba.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Rannan matarsa ta tsayar da yaran a jikin ƙofa, ta kira shi. Ƙanin 'Yar Baba ya kere ta tsawo, ita kuwa rigar makarantarta ta bara waccan har yanzu tana mata yawa.

Suka koma. Likita ta tambaya, "Wancan karon, tana cin alkama kafin gwajin?"

Ya ce, "A'a, na hana ta."

"Abin da na so in faɗa ke nan. Idan aka daina ci, jini ba ya nuna cutar."

An sake gwaji, an tabbatar tana da cutar. A hanyar gida 'Yar Baba ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, yanzu zan kamo ƙanina a tsawo?"

Karon farko, bai ce ya gane ba. Ya ce, "Mu koma mu tambayi likita."

Darasi: Kada ka canza wa yaro abinci kafin gwaji sai likita ya ce, kuma ka saurari bayani har ƙarshe. Ku tura wa iyaye, wataƙila wani yaron yana jira.