Akushin Sarki Jatau

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jatau wanda ba ya wuni bai ci nama sau uku ba. Ana nan ƙafafunsa suka kumbura, har ya kasa takawa. Masana magani suka ce nama ne ya yi masa yawa.

Sarki ya kira Waziri Dankaka, ya ce, "Na ba ka kwana arba'in in taka da ƙafata. Amma ranar da na buɗe akushi ban ga nama ba, ranar za ka rabu da kanka."

Waziri ya fito. Ya nufi wurin Barmani, tsohuwar da ke dafa wa sarki abinci, ya faɗa mata.

Barmani ta ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi ya ga nama. Bai faɗi yanka nawa ba."

Daga ranar ta riƙa rage yanka ɗaya duk kwana uku, tana cike gurbin da wake da kabewa da zogale, ta zuba daddawa, ta jera naman a sama. Duk sanda sarki ya ɗaga murfi, sai Waziri ya zuba masa ido. Abinci ya daina shiga cikinsa, har rigarsa ta yi masa yawa.

A kwana na talatin da biyu Sarkin Fawa ya kai ƙara, wai raguna uku ake yankawa kullum a da, yanzu ɗaya na kwana biyu, lallai ana zaluntar sarki. Dogarai suka gurfanar da Waziri da Barmani. Hauni na tsaye da takobi. Waziri ya fara kalmar shahada a zuci.

Sarki ya zabura, ya taka har gabansu. "Wa ya ba ku izinin rage mini nama?"

Waziri ya ɗaga kai. Da ƙyar ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba ranar da ka rasa shi. Kuma ga ka a tsaye."

Sarki ya dubi ƙafafunsa. Sa'an nan ya sallami hauni, ya kori ƙarar, ya sa aka yi wa Waziri alkyabba, Barmani kuma aka ba ta gida.

Ya ce, "Tsohuwa, ci gaba da yadda kike yi. Amma ranar Juma'a ki bar mini ƙafar rago."