Kansila Kurege da Gyaɗar Hukuma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ga mu mun matso.

A mazaɓar Gindin Kanya aiki ya yi wuya. Birai na wuni suna cire wa juna ƙwarƙwata, ɓeraye na hamma. Sai Giwa, shugabar hukumar samar da aiki ta jiha, ta aiko cewa kowace mazaɓa ta turo kansilanta, ya zauna a hukuma ya kai kukan jama'arsa.

Kurege ne kansila. Shi kuwa kukan kowa bai dame shi ba, labari ya ji ana ajiye wa kowane wakili kwanon ɗanyar gyaɗa.

Zai tafi, sai Bushiya, tsohuwar unguwa, ta tare shi. Ta ce, "Ɗan nan, in damina ta faɗi ba ka samo wa yaran nan aiki ba, da jelarka zan yi tsintsiya."

Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki." Amma ya yi maza ya ɓoye jelarsa a baya, don duk duniya ba abin da yake so kamar jelar nan.

To, al'adar hukuma ita ce, wakilin da aka kira ya yi shiru, mazaɓarsa ba ta da bukata. Kurege na zama ya hau gyaɗa, ya cusa dama, ya cusa hagu, kumatu suka cika fam. Giwa ta ce, "Gindin Kanya, me kuke nema?"

Shiru. Ina bakin magana?

Ta ce, "Gindin Kanya sun ƙoshi. Na gaba."

Kurege ya koma gida, ya fito da gyaɗar daga kumatu, ya binne nan, ya binne can, ya manta. Zama na gaba ma haka: kumatu fam, Gindin Kanya sun ƙoshi, ya binne nan, ya binne can.

Ruwa ya sauka. Ga Bushiya da wuƙa, birai na biye da ita. Kurege ya rungume jela ya ruga, sai wani ganye ya harɗe masa ƙafa, ya faɗi tim. Ya duba, ashe gyaɗarsa ce ta tsiro, duk fili ya yi kore shar.

Ya miƙe ya kakkaɓe jiki. Ya ce, "Inna, a hankali, kina taka aikin da na kawo. Wasu wakilai surutu suka kwaso, ni iri na kwaso."

Birai suka ɗau fartanya, da kaka ta yi ɓeraye suka hau ɓare gyaɗa, Bushiya ta kafa kaskon ƙuli-ƙuli. Gari ya cika da ƙamshi da guɗa. Kurege na ganin ana kwashe ajiyarsa, yana dariyar yaƙe, yana shafa jela.

Ranar komawa hukuma, Bushiya ta raka shi har bakin hanya. Ta ce, "Ɗan nan, kul ka buɗe baki a can. Ciko mana kumatu kawai, mu za mu tuna inda ka binne."

Ƙurunƙus kan kurege. In za ku zaɓi kansila, yara, ku bar sauraron bakinsa, ku auna faɗin kumatunsa.